Amsoshin Tambayoyinku: Wane Gilashin Kyamara Ke Narkar Da Bayan Hoto?

Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wajen wani mai sauraronmu a Dandume ta Jihar Katsina, wanda ya ce da damina noma yake yi, in kaka ta wuce kuma sai ya rataya kyamara ya riƙa bin kasuwannin ƙauye da gidajen biki da na suna yana ɗaukar hoto. Kyamarar tasa Nikon ce ƙirar D3200, ta hannu ya saya, kuma da gilashin da ta zo da shi yake aiki, mai rubutun 18-55 a jiki.

Abin da ya dame shi shi ne, yanzu amare da ƙawayensu sukan nuna masa hotunan birni a waya, inda mutum ya fito raɗau, bayansa kuwa ya narke sumul kamar kindirmo, su ce irin wannan suke so. Shi kuwa nasa hoton ba abin da yake bari, har akuyar maƙwabta da shanyar da ke kan igiya sai sun fito. Ya ce biki biyu ke nan ana ɗauko mai hoto daga Funtuwa yana ji yana gani. Don haka ya sayar da masara ya ware kuɗi, wani mai shago a Kano kuma ya nuna masa gilasai uku: mai lamba 50 da 1.8, da mai 50 da 1.4, da mai 85 da 1.8. Tambayarsa ita ce, wanne zai ɗauka?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Tun kafin mu yi nisa bari mu ba ka amsar a dunƙule, kada kuɗin masara su tafi a banza: na farkon nan, mai 50 da 1.8, shi ne naka. Amma akwai sharaɗi guda da za mu zo kansa, wanda in ba ka duba shi ba, za ka koma gida da gilashin da ba zai yi maka saiti da kansa ba.

Da farko dai ka ɗaga babban yatsanka kusa da fuskarka, ka rufe ido ɗaya, ka ƙura wa yatsan ɗayan. Bishiyar da ke can bakin hanya yaya ka gan ta? Dishi-dishi. Ka mai da kallonka kan bishiyar, sai yatsan ya koma dishi-dishi. To haka kyamara take. Ba ta iya saita na kusa da na nesa a lokaci guda, sai dai ta zaɓi wuri ɗaya, abin da ke gabansa da na bayansa kuma su riƙa dushewa gwargwadon nisansu. Masu wannan sana'a sun aro wa dushewar nan suna daga harshen Japanawa, suna ce mata boke, kuma wata mujallar masu hoto ta Amurka mai suna Photo Techniques ce ta yaɗa kalmar a 1997. In ka ji mai shago yana ta nanata boke, kada ya ruɗa ka, dishi-dishin bayan hoto yake nufi.

A cikin kowane gilashin kyamara, wato abin nan da 'yan kasuwa ke ce wa lens, akwai wata 'yar ƙofa da haske ke bi ya shiga. An yi ta ne da wasu siraran faifai da ke haɗuwa su tsuke ko su buɗe, kamar yadda ƙwayar idon kyanwa ke tsukewa da rana ta buɗe da dare. In ƙofar ta tsuke, kusan komai na hoton fitowa yake garau, na kusa da na nesa. In ta buɗe sosai, sai wurin da aka saita kawai ke fitowa, sauran su narke. Ka ga ashe abin da kake nema ka saya ƙofa ce mai faɗi.

Inda mutane ke rikicewa shi ne wajen lambobin, domin a juye suke: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Amma ga ɗan kasuwa wannan ba wuya ba ne. In aka raba buhun masara gida 2, aka raba wani gida 16, a wanne kaso ya fi tsoka? To lambar nan ta rabo ce. Lambar farko, wato 50 ko 85, tsawon gilashin ce a ma'aunin milimita, kuma ita ke nuna yadda yake jawo abu kusa. Lamba ta biyu, wadda ake rubutawa f/1.8 ko 1:1.8, ita ce ake raba ta farkon da ita, abin da ya fito shi ne faɗin ƙofar.

Mu buga lissafin tare. Gilashin da ke hannunka yanzu, in ka jawo shi har ƙarshe ya kai 55, iyakar buɗewarsa 5.6 ce. In ka raba 55 da 5.6 za ka sami kusan milimita 10, wato santimita guda. Mai 50 da 1.8 kuwa yana ba da kusan milimita 28. Mai 50 da 1.4 yana ba da kusan 36, mai 85 da 1.8 kuma kusan 47. In girman mutum a cikin hoton bai canja ba, kuma abin da ke bayansa yana da nisa sosai, to narkewar baya tana bin wannan faɗi ne sau da ƙafa. Daga 10 zuwa 28 ka ninka kusan sau uku, wannan bambanci ne da ko tsohuwa mai ciwon ido za ta gani. Daga 28 zuwa 36 kuwa ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, alhali kuɗin mai 1.4 yakan ninka na mai 1.8 sau biyu ko fiye. Ba amaryar da za ta ƙara maka ko kwabo saboda wannan ɗan bambanci. Mai shago zai so ka ɗauke shi, ai kasuwa ce, amma mu a ganinmu gara ka riƙe rarar ka sayi batir na biyu da katin ajiye hotuna.

Akwai kuma riba ta biyu da ba ka tambaya ba. Ƙofar 1.8 tana shigar da haske kusan ninki 10 na ƙofar 5.6. Wato hoton da ke gagarar ka a zaure ko bayan la'asar sakaliya, yanzu zai ɗauku ba tare da ka haska wa mutane filasha a ido ba. Wannan ne ya sa ake kiran irinsa gilashi mai sauri: in bakin kwari yana da faɗi, nan da nan fangali ke cika da ruwa, haka nan in ƙofa tana da faɗi, ƙiftawa ɗaya ta kyamara ta isa. Tarihin abin ma daga wajen hoton mutane ya faro. Lokacin da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, gilasan da ake da su ƙananan ƙofofi gare su, sai mutum ya sandare na mintoci masu yawa a cikin rana kafin hotonsa ya kama. A 1840 wani malamin lissafi a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, Joseph Petzval, ya zauna ya lissafa gilashi mai ƙofar 3.6, wanda ke shigar da haske fiye da ninki goma na waɗanda suka gabace shi. Da shi, da kuma gyaran da aka yi wa farantin ɗaukar hoton, zaman ya ragu zuwa minti guda ko ƙasa da haka, sana'ar hoton mutane ta kankama. Ka ji tushen sana'arka.

To me ya hana mu ce ka ɗauki mai 85, tunda ya fi su faɗin ƙofa? Gilashi ne mai kyau ƙwarai, kuma shi masu manyan kyamarori suka fi so wajen hoton fuska. Amma kyamararka daban take. Farantin da ke karɓar haske a cikin manyan kyamarori faɗinsa milimita 36 ne, daidai da na fim ɗin da ake amfani da shi a da, naka kuwa kusan 23 ne. Saboda haka kowane gilashi ka ɗaura mata, sai ya zama kamar an ninka tsawonsa sau ɗaya da rabi. Mai 50 zai yi maka aikin mai 75, wanda shi ne daidai hoton kai da ƙirji. Mai 85 kuwa zai koma kamar mai 127. In kana son ango ya fito tun daga hula har takalmi, da mai 50 za ka ja baya kamar mita 4 da 'yan kai, da mai 85 kuwa sai ka wuce mita 7, wajen taku goma ke nan. A wane ɗakin amarya za ka sami taku goma? A tsakar gidan biki ma, kafin ka ja baya yara sun cika tsakaninku. Ka bar shi sai sana'a ta yi ƙarfi ka saye shi na biyu.

Yanzu ga sharaɗin da muka ambata, kuma a nan muke so ka buɗe kunne. Kamfanin Nikon yana da gilashi mai 50 da 1.8 iri biyu da suka cika kasuwa, ɗaya lambarsa ta ƙare da harafin D, ɗaya da harafin G. Mai D ya fito a 2002, ya fi araha, amma ba shi da ɗan injin da ke juya gilashi ya saita hoto, ya dogara ne ga injin da ke cikin kyamara. Ita kuwa D3200, da sauran 'yan uwanta masu lambar dubu uku da dubu biyar, ba a sa musu wannan inji ba. In ka ɗaura mata mai D zai zauna daram, zai ɗauki hoto, amma da hannu za ka riƙa murza saiti, kuma da ƙofa a buɗe wannan aiki ne mai cin rai, rabin hotunanka za su lalace. Mai G ya fito a 2011, da injinsa a ciki, shi ne naka. Yadda za ka gane su ba wuya: mai G an rubuta AF-S a jikinsa, mai D kuwa yana da wani zobe a gindinsa da aka jera wa lambobi daga 1.8 zuwa 22, wanda mai G ba shi da shi. Kada ka yarda da ai duk ɗaya ne.

Sauran masu sauraro da ke riƙe da Canon, ku ba ku da wannan matsala. Mai 50 da 1.8 na Canon, ko tsohon na 1990 ko sabon na 2015 mai rubutun STM, duk suna saiti da kansu a kan kyamarorin EOS masu madubi a ciki. Sai dai kowa ya sani cewa bakin da ake ɗaura gilashi ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, na Canon ba ya hawa Nikon. Sababbin kyamarori marasa madubi masu bakin RF na Canon da bakin Z na Nikon, waɗanda suka fara fitowa a 2018, su ma sai da mahaɗi suke karɓar tsofaffin gilasai. Akwai kuma na wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Yongnuo da ya fi araha, ga wanda kuɗinsa bai kai ba. Ko wanne ne dai, ka tafi shago da kyamararka a rataye. Ba a cinikin sa a cikin duhu.

In na hannu za ka saya, ka riƙe tocila. Ka cire marafen gaba da baya, ka haska ta wannan gefe ka leƙa ta wancan. 'Yar ƙura kaɗan ba komai, ba ta fitowa a hoto. Amma in ka ga wasu fararen zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, laima ta kawo ta, kuma tana ci gaba da yaɗuwa har ta ci fuskar gilashin. In ka ga hazo-hazo a ciki, ko maiƙo a kan faifan ƙofar, ka ajiye masa kayansa. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Sa'an nan ka ɗaura shi, ka ɗauki yaron shago a kusa, ka ɗauki wani abu a tsallaken titi, ka ji ko injin yana kai-komo ba tare da ya tsaya ba. Ka buɗe hoton ka zuƙo wajen ido ka gani ko gashin ido ya fito ɗaya-ɗaya.

Sayen gilashi rabin aiki ne, sauran rabin a ƙafarka yake. Ka juya maɓallin saman kyamara zuwa harafin A, ka murza har lambar ta sauko 1.8 ko 2. Ka matsa kusa da mai hoton kamar mita 2, shi kuma ka janye shi daga jikin bango. Wannan na biyun shi ne abin da yawancin masu hoton ƙauye ba sa yi. Mutum ya jingina da katanga, ko da gilashin miliyan ka zo, katangar nan sai ta fito tare da shi, domin nisansu ɗaya. Ka ce ya tako gaba taku biyar ko fiye, ka ga yadda katangar za ta narke. Tun yau ma, kafin ka sayi komai, ka gwada da gilashin da ke hannunka: ka jawo shi zuwa 55, ka sauke lamba zuwa 5.6, ka matsa kusa, ka sa gona ko fili mai nisa a bayan mutum. Ba zai kai na birni ba, amma akuyar maƙwabta za ta fara ɓacewa.

Ba kowane baya ne ke narkewa da kyau ba. Bangon ƙasa, da gonar da ta yi kore daga nesa, da inuwar zaure, suna yin sumul. Dangar kara da zana da ganyen darbejiya da rana ke ratsawa kuwa sukan bar tsirkiya-tsirkiya mai ɗauke ido, sai an ƙara nisa. Da dare, ƙwayayen lantarkin da aka jera wajen biki za su koma ƙawanya-ƙawanya na haske, abin da 'yan mata ke so ke nan. Siffarsu tana bin siffar ƙofar: in faifan ƙofar masu lanƙwasa ne, kamar guda 7 da ke cikin mai G, sai su fito a kewaye ko da an ɗan tsuke ta.

Wannan gilashi yana da wuyar sha'ani ta wajen biyu. Na ɗaya, wurin da ke fitowa garau siriri ne ƙwarai. A kan kyamararka, in ƙofa tana 1.8 kuma mutum yana mita 2 da kai, abin bai wuce santimita 12 ba, kamar faɗin tafin hannu da ɗan ƙari. In ka saita a kan hanci ko goshin ɗankwali, ido na iya dushewa, hoton da ido bai fito ba kuwa ba wanda zai biya kuɗinsa. Ka zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya, ka ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kai. In ango da amarya ne, su tsaya kafaɗa da kafaɗa, ka ɗaga lamba zuwa 2.8. In dangi ne sahu biyu ko uku, ka manta da boke, ka koma 5.6 ko 8. Ka narkar da surukin da ke sahun baya, ka ga ko za a sake kiranka gidan.

Na biyu, rana. Kyamararka iyakar saurin ƙiftawarta kashi ɗaya ne cikin 4,000 na daƙiƙa, ƙofar 1.8 kuwa a tsakar rana tana bukatar kusan ninki biyu na wannan sauri. In ba ka kula ba, farar shadda za ta ƙone fat, aikin da ke wuyan riga ya ɓace. Maganinsa shi ne inuwa: gindin bishiya, ko rumfar kasuwa, ko bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe. Hantsi da la'asar sun fi azahar. Akwai wani baƙin gilashi kamar tabarau da ake ɗaurawa a gaba, ana ce masa ND, ga wanda dole sai ya yi aiki a rana, amma tsuke ƙofa zuwa 2.8 ma yakan wadatar, kuma a nan gilashin ya fi kaifi.

Sa'an nan kada yayin birni ya sa ka manta da mutanenka. Mai shagon da ya kira ka don ya aika wa ɗan'uwansa hoto, so yake a ga kantocinsa cike da kaya. Manomin da ya tsaya gaban shanun huɗarsa ko sabon babur ɗinsa, su ne dalilin hoton. Uwar amarya kuwa, in ka narkar da jeren da ta shekara tana tarawa, ba za ta yafe maka ba. Ka tambayi mai hoto tukuna me yake so a gani. Kuma ba narkarwa kaɗai ke gyara baya ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako ta ƙasar Mali a 1948, hotunansa kuma suka zagaya duniya, da hasken rana ya fi aiki a tsakar gidansa, yana rataya zane a bayan mutane, har da zanen gadonsa. Yadi uku na atamfa ko na farin ƙyalle a cikin jakarka za su fisshe ka a wurin da ba filin ja da baya, hoton fasfo ma ai farin baya yake so.

A ƙarshen takardar ka tambaya ko waya ba za ta kashe maka kasuwa ba, tunda ita ma tana wannan aikin. Tun 2016, da kamfanin Apple ya fitar da iPhone 7 Plus, wayoyi suka yawaita yin haka, amma su ƙofarsu 'yar mitsitsiya ce, kwamfutar ciki ce ke yanke mutum ta shafe bayansa. Ka zuƙo irin hoton ka duba gefen mayafi, da bakin hula, da tsakanin hannu da jiki, sau da yawa za ka ga inda ta ci gefen gyale ko ta bar wani yanki ba ta shafe ba. A fuskar waya ba a cika lura ba, amma in aka wanke shi babba don ratayewa a bango, sai aibin ya fito. Ka wanke naka guda biyu masu girma ka riƙa yawo da su, ka bar amare su gwada da idonsu.

Da hunturu kada ka riƙa sauya gilashi a tsakiyar kasuwa, ka shiga ɗaki, ka kifa bakin kyamara ƙasa. Kada ka goge shi da bakin riga, ƙurar da ke kai yashi ce, za ta ƙarje shi. Ka fara hure ta da 'yar robar hura iska kafin ƙyalle mai laushi ya taɓa shi. Da damina kuwa, lokacin da za ka koma gona ka ajiye kyamara wata da watanni, kada ka bar ta cikin jaka a ƙarƙashin gado. Ka sami roba mai murfi, ka zuba 'yan ƙulle-ƙullen nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ka cire batir, duk bayan mako biyu kuma ka fito da gilashin ya sha iska da haske a inuwa.